Gidan da Na Saya da Baƙinsa

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani a cikinku ya tayar da maganar, ku yi ta dariya ƙasa-ƙasa, wai tsohonku ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya sayi tasha yana zaton gida ne. Ina jin ku, kunnena bai mutu ba tukuna. Kun kuma ɗauka cutata aka yi. To ba wanda ya cuce ni, kuma ban san mutumin da ya taɓa duba gida kafin saye kamar yadda na duba wannan ba. Tunda uwarku, Allah ya jiƙanta, ba ta nan balle ta katse ni, bari in faɗa muku yadda aka yi.

A shekarar da na yi ritaya daga aikin malamin gona muna Doguwa, a gidan ma'aikata. Dokar gidan ita ce in ka ajiye aiki ka ajiye makulli. Ban gama haɗa kayana ba sai ga wanda aka turo ya maye gurbina ya sauka da iyalinsa, da awakinsa, da keken ɗinkin matarsa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ce mini in fita ba. Ya dai jibge kayansa a barandarmu, muka ba su ɗaki ɗaya, kuma kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi lafiyata, sannan ya tambaya ya shirye-shirye. Tun ina amsawa da fara'a har na koma jin gaisuwar kamar sammaci. Uwarku kuwa abin ya fi ci mata rai, don a madafinta ake ɗora tukunya biyu, kuma awakin mutumin sun cinye zogalen da ta shuka. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa ta wajen duwatsu, kowa ya san in ruwa ya sauka ba mai barin kayansa a baranda.

Ku gane, matar nan ta bi ni Bebeji, ta bi ni Tudun Wada, ta bi ni Doguwa, duk a gidajen da ba namu ba, inda in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka ce masa yarhamukallah. Ƙofarmu ba ta taɓa hutawa ba. Manoma na bugawa neman iri da taki tun kafin a sha koko, matan maƙwabta na bugawa neman gishiri da ashana. Ba ta taɓa korar kowa ba, amma na san ta gaji. Da na tambaye ta irin gidan da take so, amsarta ba tsawo.

"Malam, ni ba na son bene, ba na son fanka. Ƙofa nake so wadda in na rufe ta rufu, ba mai bugawa."

Na yi mata alkawari, kuma da wannan alkawarin na zo Dangora. Gidan na wani marigayi ne, Alhaji Ɗan'azumi, magadansa duk sun koma Kano suna neman mai saye. Tsohon ginin ƙasa ne mai faɗin tsakar gida, amma katangar baya ta faɗi a wata damina, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka shafa jan fenti a jikin zaure, alamar ba a yarda iyali su tare a ciki ba sai an gyara, duba-gari ya zo ya gani ya amince. Wannan bai tsorata ni ba. Na zo da sandata na bi azara ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa ina sauraron ko gara ta ci cikinta. Na hau soro na zuba ruwa a kowane indararo na ga inda yake zuba. Na jefa dutse a rijiya, na ja ruwan na ɗanɗana. Har ƙasar bango na gutsura na murza a hannu, don ni da ƙasa ba a yi mana tafinta. Na ga wasu abubuwa, ban ce ban gani ba. Zauren ya yi girman masallacin unguwa. Tsakar gida cike take da turaku, ga duwatsun murhu a kowane lungu, ƙofar waje kuma ba ta da sakata, da igiya ake ɗaure ta. Na ce a raina marigayi mai hali ne, mai dabbobi da yawan iyali. Na tambayi babban ɗansa iyakar fili, na tambaye shi ko akwai rigimar gado, ko akwai kabari a ciki, ko akwai macizai, duk ya ba ni amsa ta gaskiya. Abin da ban tambaya ba bai faɗa ba, kuma ranar da na je ba ranar kasuwa ba ce.

Duba-garin yankin a lokacin Malam Habu ne, siriri, kullum cikin kaki, da tocila a aljihu wadda yake haska cikin randa da ita ko da rana tsaka. Mutum ne mai gaskiya, abin da ya sa sha'ani da shi yake da wuya ke nan. Zuwansa na farko ya zagaya gidan hannu a baya, ya ce a tayar da katanga, a rufe tsohon masai don ya yi kusa da rijiya a haƙa sabo can ƙarshen gida, a yi wa rijiya murfi, a fasa tagogi a ɗakunan da ba sa shan iska. Na ce an gama. Na samo magini, ina zuwa daga Doguwa ina duba aiki ina komawa. Maginin ba ya aiki ranar kasuwa da jajiberinta, ya ce yana da uzuri, ni ma sai ban taɓa zuwa a ranakun ba. Da aiki ya kammala Malam Habu ya ce zai dawo ranar kasuwa da hantsi, tunda dama a ranar yake shigowa duba naman mahauta.

Ranar na ce uwarku ta shirya ta zo ta ga gidanta. Mun tsaya a Tudun Wada ta zaɓi kwaɗo da hannunta, babba mai nauyi, ta sa mai shagon ya buɗe ya rufe har ya gaji, sannan ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Duk hanya ina ba ta labarin shirun unguwar. Muna karyo kwana na ji kukan saniya, na ce ta maƙwabta ce. Muka iso ƙofar gida na ga hayaƙi yana tashi daga ciki. Na yi sallama a gidana, aka amsa mini da murya ta fi ashirin.

Zauren cike yake da mutane, wasu a kwance, wasu na ɗaure kaya. A tsakar gida kowane turke da saniyarsa, kowane murhu da wutarsa, mata sun jera ƙoren nono a inuwar sabuwar katangata, an shanya zannuwa a kan murfin rijiyar da na biya aka yi. Wani dattijo mai malafa ya matsa gefe a kan tabarmarsa ya nuna mini wuri.

"Sannu da zuwa, Malam. Baƙo ne? Shigo da iyalin, akwai wuri. Gidan nan ba a korar kowa."

Kafin in haɗa kalma an miƙo mini fura a ludayi. Na sha, don ƙishirwa nake ji, sannan na ce masa ni ne mai gidan. Ina zaton zai ji kunya. Sai ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya ya yi magana da Fulatanci, nan take gidan ya ɗauki murna, maza suka yi layi suna gaishe ni, mata suka janye uwarku suka yi ciki da ita. Dattijon shi ne Ardo Buba, daga wajen Falgore. Ya bayyana mini cewa tun zamanin mahaifinsa gidan nan ne masaukinsu. Duk jajiberin kasuwa a nan suke sauka da shanunsu da nononsu, su kwana, su ci kasuwa, su koma. Alhaji Ɗan'azumi shi ne fatomansu, mai masaukin da ke karɓar baƙin kasuwa ya tsaya musu, kafin shi kuma ubansa. Da ya rasu ba wanda ya ce su daina, sai suka ci gaba da kwance igiya suna shiga, in za su tafi su share su ɗaure. Sun daɗe suna addu'ar Allah ya kawo wani.

"Da muka ga ana gyara muka ce Allah ya amsa," in ji shi. "Masan nan da ka haƙa mana, ko a Kano sai haka."

Na nuna masa jan fentin da ke jikin zaure na tambaye shi ko bai san ma'anarsa ba. Ya ce sun ɗauka na masu allurar rigakafi ne.

Muna cikin haka Malam Habu ya yi sallama. Ya tsaya a bakin tsakar gida ya dubi shanu, ya dubi kashinsu da ke dab da rijiya, ya dubi ludayin da ke hannuna. Bai ko fito da tocilarsa ba.

"Malam, gida na zo dubawa, na tarar da kasuwar shanu. Ba zan ce iyali su tare a nan ba."

Na bi shi har waje ina rantsuwa ban san mutanen ba, daidai lokacin wata tsohuwa ta biyo ni da ƙwaryar man shanu tana kirana fatoma. Ya ce shi ba ruwansa da wanda na sani, dabba da ruwan sha ba sa zama wuri ɗaya, in na raba su in neme shi. Muka kama hanyar Doguwa. Muna isa sabon malamin gona ya taso ya karɓi jakata ya tambaye ni ya shirye-shirye.

Na je wurin mai unguwa da ƙorafi. Ya saurare ni sarai, ya ce gida nawa ne, shari'a tana tare da ni, duk garin ma sun ɗauka na san abin da na saya shi ya sa suka yi ta yabona a bayan idona. Ya ce in na ga dama in kulle, ba mai hana ni, sai dai ranar shi yana da tafiya. Na gane nufinsa, amma raina ya riga ya ɓaci. Ni na yi wa mace alkawarin ƙofa, ba wa Ardo ba. Jajiberin kasuwa ta gaba na zo da wuri na sa maƙeri ya kafa ƙarfe, na rataya kwaɗon na danna. Uwarku ta ce sai ta biyo ni, wai ƙarar keken ɗinki ta ishe ta. Muka zauna a rumfar wani mai faci da ke kallon gidan, na ce gara mu ga yadda za su juya da idonmu.

Bayan la'asar suka fara isowa. Ardo Buba ya kai hannu inda igiya take ya tarar da kwaɗo. Ya juya shi, ya sake juya shi, ya duba ko gidan ya ɓace masa. Na shirya wa faɗa, na tanadi maganganu tun daga Doguwa, amma mutumin bai ko ɗaga murya ba. Ya cire malafarsa ya zauna a gindin katanga, sauran ma suka jera suka zauna, shanu suka cika lungu har mai babur ba ya iya wucewa. Mai facin da muke rumfarsa ya daina yi mini hira. Wani da ya gaishe ni da safe har da rusunawa ya wuce kamar bai ga mutum ba. Sai iska ta taso, hadarin da ya yi ta alkawari ya cika alkawarinsa. Matan suka kife faifai a kan nono suka bar kawunansu, wata mai jariri ta juya wa ruwan baya ta rungume shi a jikin bangon gidana. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba, amma na dake ina kallon ƙasa. Sai na ga hannun uwarku a gabana.

"Malam, ba ni makullin."

Na tuna mata cewa ita ta ce tana son ƙofar da za ta rufu.

"Na ce. Ban ce ka bar mace da jariri a ruwa ba. Wa ma ya aike ka sayen kwaɗo?"

Ku shaida, matar da ta sa mai shago ya buɗe ya rufe har ya gaji ita ce ta yi mini wannan tambaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta janye ta ba. Ta tsallaka cikin ruwa ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa sai da saniyar ƙarshe ta shige. Daga baya ta ce mini ita ta san yadda ake ji in mutum ya zo wurin da ya saba ya tarar ba nasa ba ne, don kullum haka take ji a madafinta na Doguwa. Mun kwana a gidan wata ƙanwarta a garin, ni dai ban ci tuwon kirki ba, don na san da buɗe ƙofar nan amincewar Malam Habu ta tafi.

Washegari da hantsi Malam Habu ya biyo daga duba nama ya tarar da abin da ya bari, har da ƙarin taɓo. Ya juya zai tafi uwarku ta yi masa sallama daga bakin zaure. Ni a tsawon rigimar nan roƙonsa nake yi, ita kuwa tambayarsa ta yi. Ta ce ya faɗa mata abin da doka take so, ba abin da ba ta so ba. Mutumin ya juyo kamar ba a taɓa yi masa tambayar ba, ya ce a ja katanga ta raba gidan biyu, rijiya da ɗakuna a ciki, zaure da turaku a waje, a haƙa wa baƙi nasu masan. A kwashe kashin shanu kafin azahar duk ranar kasuwa. Sannan dole a sami mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa kasancewa a gidan duk jajiberi da ranar kasuwa, wanda in an ga ƙazanta shi za a kama. Mai unguwa, wanda tafiyarsa ta fasu ba zato, yana tsaye a wurin, ga Ardo, ga maƙwabta sun cika ƙofa. Da aka zo kan maganar mutum tsayayye sai kowa ya juyo yana kallona. Na dubi uwarku ko za ta cece ni, na ga ita ma ni take kallo. Na tuna barandar Doguwa da ruwan da ya riga ya sauka, na ce na ɗauka. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce Allah ya taya riƙo, aka shafa fatiha, kamar an naɗa ni sarauta.

Ga abin da na biya, tunda kuna son sani. Zauren da na yi niyyar shimfiɗa buzuna in riƙa jin rediyo ni kaɗai, ya tafi. Rabin filin da na auna wa mangwaro da gwaiba ya zama na shanu, ni da na ƙare rayuwata ina koya wa mutane dashe. Na zama mai raba gardamar cinikin bijimi, mai ajiyar sanduna, mai tsayawa a kan shara da kwando. Kuma tun daga ranar ban sake kwana a wani gari a jajiberin kasuwa ba. Rabi, abin da ya hana ni zuwa sunan ɗanki na fari ke nan, ba wai don mijinki bai zo gaishe ni da salla ba kamar yadda aka gaya miki, ko da yake bai zo ɗin ba. Na yi baƙin cikin rashin zuwan nan ƙwarai, na wuni ina jin haushin kowa, har Ardo ya tambaya ko ciwon ciki nake yi.

Katangar ba ta ɗau lokaci ba, don mutanen Ardo sun tsaya sun kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu. Wajen kiwo gwanaye ne, wajen gini kuwa ga ta nan kuna gani, ta ɗan karkata kamar tana leƙen maƙwabta, amma ba ta taɓa faɗuwa ba. A tsakiyarta aka sa ƙofa ta katako mai sakata ta ciki. Malam Habu ya dawo, ya auna tazarar rijiya da takunsa, ya haska cikin randar da ko ruwa ba a zuba mata ba, ya leƙa masai biyu, ya tura ƙofar tsakiya ya ja ta. Sannan ya karɓi farar ƙasa ya shafe jan fentin da hannunsa. Ya ce mu tare, ya ƙara da cewa zai riƙa leƙowa, kuma bai taɓa saɓa wannan alkawarin ba.

Mun tare a tsakiyar mako, ranar da gidan ba kowa. Akori-kura ta sauke mu da 'yan komatsanmu, aka shigar da gado da tukwane, masu taya mu suka watse. Uwarku ta zagaya ɓangarenta a hankali tana taɓa bango, ta leƙa rijiya, ta leƙa madafi ta ga murhu ɗaya ne tak. Ni na fita waje in sallami direba. Ina dawowa ta cikin zaure na ji ƙarar sakata, ta rufe ƙofar tsakiya ni ina waje. Na ɗaga hannu zan buga, sai na ji kukanta daga ciki, ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Na mayar da hannuna. Na sami turke na zauna a kai, ni ma idona ya cika.

Ban daɗe da zama ba wata maƙwabciya ta yi sallama, ta zo yi wa sabuwar maƙwabciyarta barka, da ɗan kwano a hannu ko za a sam mata gishiri. Ta nufi ƙofar kai tsaye. Na miƙe na tare hanya, na ce ta yi haƙuri ta dawo gobe, matar gidan ta rufe ƙofarta.